Ƙwaya Ɗaya Bayan Shan Ruwa

Azare, daren Talata, sha biyu ga azumi

Yau na karya taurin kan Baffa! Likita ya rubuta masa eritromaisin saboda tarin nan, sau huɗu a rana. Baffa ya ture takardar, wai shi tari ba zai sa ya ajiye azumi ba.

Raina ya ɓaci, amma ba a banza na shekara goma a ɗakin magani ba. Na koma na ce wa likita, azitromaisin fa? Danginsu ɗaya, kuma sau ɗaya ake sha. Ya duba katin Baffa, ya amince.

Bayan magariba Baffa ya juya ƙwayar a tafin hannu. "Shi ke nan, Uwata?" Ya kora da kunun tsamiya, har da cewa shi dama bai taɓa ƙin magani ba.

Ya dai haɗiye.