Tafin Hannunka a Ƙofar Baya

Talata Mafara,
Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga yayana Lawali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, na so in ce ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kamar yadda aka koya mana a makaranta, sai na tuna ba za ta same ka ba. Ba mai kai saƙo inda kake. Ko da akwai ma, kai da karatun takarda ba ku taɓa shiri ba, ni kake miƙa wa ka ce in karanta maka kana wanke hannu. Na san duk wannan. Amma na yi wa Inna ɓarnar da ba ta gyaruwa, kuma da injinka na goge mota na yi ta, kwana takwas ke nan abin yana cina, ban ga wanda zan faɗa wa ya gane ba sai kai.

Bari in fara da labarin gida, kada ka ce rashin kunyata na nan. Matarka Hadiza tana cikin takaba, saura mata wata ɗaya da 'yan kwanaki. Ta rame sosai. 'Yarka Ummi ta fara tafiya, taku uku take yi ta faɗi ta tashi tana dariya. Ruwa ya sauka, an yi shuka, amma mutanen garinmu Damri gonakin bakin gari kawai suka taɓa, na nesa an bar wa ciyawa. Wajen wankin motarmu yana nan, ni nake buɗewa. Wanki ana samu jefi-jefi, folish kuwa ya mutu. Wa ke son motarsa ta yi ƙyalli yanzu a hanyar Maradun? Wani ma cewa ya yi in wanke masa ciki kawai, in bar ƙurar waje yadda take.

Ka fi ni sanin abin da ya faru ranar. Ni abin da na ji shi ne, ka ɗauki mata huɗu da suka zo biki za ka mayar da su Damaga, 'yan bindiga suka tare ku, suka harbe ka, suka kora mata uku daji, suka bar tsohuwa ɗaya saboda ba ta iya tafiya. Mutanen Damaga suka yi maka sutura washegari, Allah Ya saka musu. Babu ɗayanmu da ya ga gawarka, don hanyar ba ta biyuwa a lokacin. An gaya mana kuma ba nan take ka cika ba. Daga la'asar har gab da magariba kana ƙasa a gefen mota.

Wannan na ƙarshen ne muka ɓoye wa Inna. Ni da Kawu Sani muka zauna a zaure muka shirya abin da za mu ce. Muka ce mata harsashi ɗaya ne, kana riƙe da sitiyari, ko wayyo ba ka ce ba. Ka san yadda muke yi da tsofaffi, ba a kai musu magana da ƙashinta. Inna ta saurare mu, ta yi salati, ta ce Allah Ya jiƙan Musulmi, ta tashi ta shiga ɗaki. Muka fito muna ganin mun yi abin kirki.

Motarka ta yi kwana goma sha ɗaya a wurin, cikin ranar bazara, kafin a samu rakiyar jami'an tsaro a janyo ta. Ni na karɓe ta. Ba zan faɗa maka yadda kujerar take ba. Abin da zan faɗa maka shi ne ƙofar baya ta ɓangaren direba. Akwai tafin hannunka a jiki, Yaya, na jini, yatsu biyar cif, da wani dogon zane da zoben azurfarka ya yi lokacin da hannun ya zame ƙasa. Duk wanda ya ga wannan ya san mutum ya yi ƙoƙarin tashi. Na ɗebo ruwa da sabulu na wanke ina kuka kamar mace mai naƙuda, jinin ya fita, hannun bai fita ba. Kai ka koya mini cewa kashin tsuntsu ma in ya kwana uku a rana sai ya ci saman fenti, balle jini, balle a baƙar mota. In ka tsaya gaba da gaba ba ka ganin komai, in ka karkata kai hasken ya bugi ƙofar sai ga hannun nan, dishi-dishi, a tsakiyar ƙyalli. Na ja tamfol na rufe ta a bayan rumfa, ban sake ɗagawa ba.

Makonni biyu da suka wuce Kawu Sani ya zo da saƙo. Wai Inna ta ce a kawo mata motar yayanku Damri. Haka ta faɗa, motar yayanku, ba ta ƙara ko kalma ba, shi kuma bai tambaye ta dalili ba. Wa ke tambayar Inna magana a kanka? Kai ɗan fari ne. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunanka a bakinta ba, ban taɓa ganin hannunta a jikinka ba. In ka shigo gaisuwa sai ta kau da kai ta amsa wa bango. In ka kawo mata atamfa ni take tambaya wa ya kawo, kana tsaye. Kuma ni, ɗan banza, auta, ina kwance a kan tabarmarta ina cin ƙanzon tukunya, nakan ce maka Inna ba ta ma san sunanka ba. Kakan yi dariya ka jefe ni da soso. Sau ɗaya dai ba ka yi dariyar ba, ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai ta aiko ni da kunu ta ƙi leƙowa. Na ga fuskarka ranar, na san na taɓa ka, kuma ban ba ka haƙuri ba. Ka yi haƙuri, Yaya.

To da saƙon ya zo, abu ɗaya ne ya faɗo mini. Inna za ta ga hannun. Idonta bai mutu ba, tana zare tsakuwa daga shinkafa ba tabarau. Za ta gani, ta san mun yi mata ƙarya, ta san ka sha wuya, kuma ciwon hawan jininta ka san shi. Na ɗauka so take ta yi wa motar addu'a kafin a san yadda za a yi da ita. Ban yi shawara da kowa ba. Me zan yi shawara a kai? Gogewa ce sana'ata, mutum in ya ga tabo a fenti hannunsa ke fara tunani kafin kansa.

Na ɗauko injin folish ɗin nan naka, wanda ka sayo bayan na ƙone wa wani Alhaji bonet da tsohon, ka kwaɗa mini marin da har yau in na tuna kunnena ke ƙara. Ka ce wannan sabon yana juyawa yana karkarwa, ba ya tsayawa wuri ɗaya ya tara zafi, ko sakarai irina ba zai ƙona fenti da shi ba. Na tura motar cikin rumfa, don ba ka yarda a yi folish a rana. Na sake wanke ta, na tsane ta. Na sa farce a kan zanen zoben in ji ko zai maƙale, kamar yadda kake yi, don in farce ya maƙale inji ba ya fitarwa sai an sake fenti. Wallahi, Yaya, da ya maƙale da na tsira. Bai maƙale ba, ya wuce sumul.

Na tayar da janareto. Na ɗiga man folish mai kaushi sau huɗu a kan soson injin, na dangwala a ƙofar, na baza da gudun injin a lamba ɗaya, sannan na ɗaga zuwa huɗu. Ban danna ba, na bar nauyin injin ya yi aikinsa. Na bi a hankali daga hagu zuwa dama, kowane layi yana hawa rabin na baya, sannan daga sama zuwa ƙasa. Ina jin muryarka a kunnena kana cewa in daina sauri, ba tsere ake ba. Zagaye na farko, na share da tawul, yatsu biyu sun tafi. Na biyu, saura gindin tafin da zanen zoben. A na uku na tsaya na kashe injin. Wani abu ya ce mini in bari haka. Na zauna a kan bokiti kamar minti goma, na tuna fuskar Inna, na tashi na kunna.

Da na gama na canza soso mai laushi na bi da man ƙyalli. Sai na ga ƙofar ta fi sauran motar haske, kuma kai ka hana a bar wuri ɗaya yana tona asirin kansa. Na bi ƙofar gaba, na bi gefen gaba ɗaya, na zagaya, har rufi. Tun hantsi har la'asar. Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, da kana nan da ka rasa abin kushewa. Na karkata kai ta kowane gefe, na haska fitilar waya, babu komai sai fuskata.

Washegari na tuƙa ta zuwa Damri. Na tsaya a ƙofar gida na yi sallama na shiga, muka gaisa da Inna, ta tambayi hanya, ta tambayi Hadiza da yarinya, ta tambayi aiki, ta sa aka kawo mini ruwa. Sannan ta ɗauki mayafi. Ka san rabon Inna da fita ƙofar gida da rana. Na bi ta a baya. Na zaci kujerar direba za ta duba, na ma sa sabuwar riga a kujerar. Ko kallon wajen ba ta yi ba. Ta zagaya kai tsaye zuwa ƙofar baya, ta sunkuya, ta duba. Ta matsa gefe ta sake dubawa. Ta ɗaga mayafi daga goshinta. Nan na gane abin da aka kwatanta mata take nema.

Ba ta ɗaga murya ba. Tana kallon ƙofar ta gaya mini cewa tsohuwar nan ta Damaga da aka bari ta zo mata gaisuwa tun mako na biyu, suka rufe ɗaki, ta faɗa mata komai. Ta ce tsohuwar ta zauna da kai har ka cika, tana laƙƙana maka kalmar shahada kana karɓa. Ta ce sau uku ka dafa wagga ƙofa za ka tashi ka bi matan da aka kora, kuma hannunka na nan a jiki. Ta ce ta bar mu da maganarmu ni da Kawu don ta ga hankalinmu ya kwanta da ita. Ta ce wata biyu tana kokawa da bakinta kafin ta iya cewa a kawo motar. Ta ce tun da aka yaye ka aka miƙa wa kakarmu ba ta ƙara taɓa ka ba, kuma ba ta ga gawa ba, ba ta san kabari ba, so take kawai ta ɗora hannunta inda naka yake. Yaya, a gabana Inna ta faɗi wannan, a titi.

Me zan ce mata? Na faɗa mata gaskiya, na ce na goge. Na jira ta zage ni, wallahi na so ta zage ni, ta tsine mini ma da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ta ce ashe ka koya mini aikin da kyau. Sannan ta miƙo mini hannunta na dama ta ce to in nuna mata wurin.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na kama wuyan hannun Inna na dubi ƙofar, na rasa wurin. Ni da na yi awa biyu a tsugune a gabansa. Kusa da mariƙi ne ko ƙasa da shi? Wajen gaba ne ko wajen taya? Kaina ya ɗauke ɗif, ƙofar kuma baƙa wuluk tana ƙyalli daga sama har ƙasa, ko ɗigo ban bari ba. Tana jira, hannunta a cikin nawa ba nauyi. Sai na zaɓi wani wuri a ƙasan mariƙi na ɗora. Ta tambaye ni ko na tabbata nan ne. Na ce nan ne. Ta sake tambaya. Na ce wallahi nan ne, Inna.

Ta buɗe yatsunta ta manna. Ƙarfen ya ɗauki rana, na san yana ƙona ta, ba ta ɗaga ba. Leɓenta yana motsi ban ji abin da take faɗa ba. Masu wucewa suka rage tafiya, suka gane, suka sunkuyar da kai suka wuce. Ta daɗe. Da ta gama ta ce Allah Ya yi mini albarka, ta koma ciki tana riƙe da hannun a ƙirjinta. Kawu ya ce tun ranar ta fara cin abinci.

Na dawo na duƙa a gaban ƙofar nan ya fi sau ashirin. Na gwada tsayin mutum a kwance, na gwada a durƙushe, na miƙa hannuna in ga inda zai kai. Wani lokaci in ga daidai na sa mata, wani lokaci in ga na kauce da taƙi guda. Tsohuwar Damaga ba zan iya zuwa in tambaye ta ba, in ma na je me za ta nuna mini a ƙofar da ba alama? Na rantse wa mahaifiyata da sunan Allah a kan abin da ban sani ba, kuma a kan wannan rantsuwar take samun barci. In koma in faɗa mata? In bar ta? Kai kaɗai ka san inda ka dafa, Yaya. Nan ne?

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya karɓi shahadarka, Ya yafe mini. Ka huta lafiya.

Ni ne ƙanenka da ba ya jin magana,
Murtala.