Ƙaron da Nake Zubarwa

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin ƙaramar, haƙoran sun gama fitowa? Mu nan lafiya lau, tarin Mama ma ya lafa.

Kin san wa ya warkar da ita? Auta mana. Ya aiko mata wata 'yar kwalba da ba ta kai babban yatsana ba, tana ɗigawa a ruwan ɗumi tana kuskure baki. Ni da na kai ta asibiti, na bi layi, na karɓo ƙwayoyin da take sha har yau, ba ni a cikin labarin. Duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta sauko da kwalbar daga kan talabijin ta nuna masa, tana sa wa Auta albarka.

Da na buɗe na sansana, Yaya, sai na saki baki. Ƙaron amya ne! Wannan baƙin ƙaron da ƙudan zuma ke kwasowa a jikin itatuwa suna toshe kowace kafa da shi, wanda ke manne min murfin akwatin kiwon zumanmu sai na sa wuƙa na ɓamɓare. Tun Baba na da rai nake kankare shi ina zubarwa, ina tsaki don ya ɓata min riga. Yau shi ne magani, kuma wanda ya aiko shi shi ne yaron da ko ƙuda ɗaya ya ji sai ya ruga ɗaki ya rufe taga.

Na gaya wa Mama muna da shi a bayan gida. Ta ce na Auta na kanti ne, an tace shi. Ba zan ɓoye miki ba, kishi nake yi, kuma abin na cin raina.

Ki gaida kowa.
Ƙanenki, Ɗan Tsakiya.

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Saƙonki ya iso, na ji kin ce in bar abin ya wuce. Bai wuce ba.

Na bi akwatunan nan na kankare su tas. Baba ya koya mana in za a taɓa ƙaron, na bakin murfi kawai ake cirewa, a bar musu na ciki. Ni ina so in cika babbar kwalba, wadda ta Auta za ta ji kunya a gefenta. Mafi yawa na same shi a tsohon akwatin da Baba ya haɗa da hannunsa. Katakon duk ya tsage, su ne suka liƙe shi shekara da shekaru, har ƙofar shigarsu suka rage da shi. Na ɗebe duka. Sun harbe ni har a fatar ido, ban fasa ba.

Na jiƙa shi a mai, na tace, na haɗa da zuma. Ko yana magani ko ba ya yi, Allah masani. Ma'aikaciyar jinya a asibitin da na kai ta dai ta ce kada Mama ta bar ƙwayoyinta. Na kai mata da ido a kumbure. Ta ce sannu da aiki, ta ajiye kwalbar a kicin kusa da gishiri. Har yau ba a buɗe ba.

Naki, Ɗan Tsakiya.

Yaya,

Ina gaisuwa. Da fatan kuna lafiya. Ni dai jikina lafiya.

Ƙudan akwatin Baba sun tashi. An yi ruwa da iska, ruwan ya bi tsagogin da na buɗe ya jiƙa saƙar, tururuwa suka bi bayansa, rina na shiga ta ƙofar da na faɗaɗa. Da na ɗaga murfin ban nemi wuƙa ba, haka ya taso a hannuna. Ba kowa a ciki.

Mama ta fito ta dafa bango, ta daɗe tana kallon akwatin. Na tsaya gabanta na faɗa mata gaskiya, cewa ni na jawo, har dalilin ban rage ba. Na sunkuyar da kai ina jira ta wanke ni tas, wallahi har so nake ta yi. Ko faɗa ba ta yi min ba. Ta ce kada in damu, za ta yi wa Auta magana ya nemo mana wasu ƙudan, tunda shi ya san kan irin waɗannan abubuwa.

Ke kike waya da ita kullum. Don Allah kada ki rarrashe ni, gaskiya nake so: in kuna hira, tana ambatona kuwa?

Ƙanenki, Ɗan Tsakiya.