Ba Wanda Ya Binciki Gwaggo

Laraba da dare, Sparkbrook

Yau matar council, wato ƙaramar hukumar nan, ta sake zuwa kan maganar riƙon yara da na nema. Ta ce kafin su ba ni yaro ko ɗaya, sai sun duba ko sunana yana cikin rajistar waɗanda aka taɓa kamawa da cutar da yara. Ba ni kaɗai ba, har Baban Sadiq, har shi Sadiq ɗin tunda ya cika sha takwas. Ɗan da na haifa! Na yi mata murmushi na ƙara mata shayi, amma raina ya ɓaci.

Tana fita na kira Yaya Hadiza a Ardwick don in huce. Ta ce, "Wannan ai wulaƙanci ne. A can ƙasarmu wa yake wani check? Hannun yaro kawai ake kamawa a ce ga shi, ki riƙe."

Na ce haka ne, muka yi sallama. Sai na zauna a kujerar kicin ina juya maganarta.

Haka aka kama hannuna ina ƙarama aka miƙa wa Gwaggo Talatu. Yaya ba ta sani ba, ita a gaban Umma ta girma. Har yau tabon wayar wutar da Gwaggo take dukana da ita yana bayana. Maƙwabta suna jin ihuna, ba wanda ya taɓa leƙowa.

Gobe zan kira matar council in ce su bincike mu, duk gidan. Da ma ita ma Gwaggo an yi mata tambaya, ko guda ɗaya.