Shingen Rajab a Cikin Teku

Karkana, ranar Talata

Yaya Dalanda,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya gida, ya gwiwar nan taki? Ina fata shan maganin kike yi, ba ajiye shi kike a kan firji kina kallo ba. Ki gaishe min da maigidan da yara gaba ɗaya.

Mun iso lafiya tun shekaranjiya. Wai hutu. Yaya, in wannan ne hutu to a mayar da ni bakin aikina. Ɗanki Nizar da takarda ya zo, wallahi a rubuce, matarsa Ulfa ce ta tsara tun daga Tunis. Ƙarfe kaza a je tsohuwar hasumiya, ƙarfe kaza gidan tarihi, ƙarfe kaza a tsaya a kalli rana tana faɗuwa. Ni da aka yanke wa cibiya a tsibirin nan, ni ake kaiwa in ga inda muke shanya wanki muna yara. A gidan tarihin har da tulun kama ƙarnit, dabbar tekun nan mai ƙafa takwas, a cikin gilashi, irin wanda Inna ke tokare ƙofar bayi da shi. Na fashe da dariya, Ulfa ta ce, "Mama a hankali mana, mutane na kallo."

Abinci kuwa kar ki tambaya. Jiya a Ramla suka kawo mana ƙarnit, ƙafafu takwas ɗin nan cif, amma kamar kina tauna silifa. Yanzu ma ai ba lokacinsa ba ne. Na ce wa mai kawo abincin, "Bawan Allah, an buga wannan a dutse kuwa?" Ya ce, "Hajiya, yanzu inji ke bugawa." Na ce to injin naku ranar bai karya ba.

Ga abin da ya sa na zauna rubuta miki. Yau da safe na sulale na je gaida Yaya Munji, yayan marigayi mijina Rajab. Ya tsufa Yaya, hannunsa sai rawa, shayi ma rabinsa a faranti yake ƙarewa. Shekara tara ke nan tun rasuwar Rajab shi kaɗai ke riƙe da sharfiyarsu, shingen kifin nan da kakansu ya kafa a teku. Kin san duk kaka sai an sake kafa sababbin rassan dabino, in ba haka ba ruwa ya cinye. Ya ce bana ya gaza. Maƙwabta za su zo su shiga ruwa kamar kullum, amma ba sa zuwa wa gidan da babu namiji a wurin aiki babu tukunya a wuta. Matarsa ta rasu bara, 'ya'yansa mata duk suna aure a nesa. Ya ce, "Uwar Nizar, kafin ku hau jirgin ruwa ran Asabar ɗanki ya ba ni amsa. Ko ya zo, ko in bar wa gidan Bin Amur wurin."

Ban faɗa wa Nizar ba. Ba na son in roƙe shi. So nake ya tambaya da bakinsa, ko sau ɗaya, ina shingen babansa. Kwana uku muna nan bai tambaya ba.

Bari in tsaya, ga su can suna kira, wai lokacin faɗuwar rana ya yi.

Ƙanwarki,
Shadliya

Karkana, ranar Alhamis

Yaya Dalanda,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafa, ya zafin Safakis? Na ga saƙonki. Kin ce in daina zurfin ciki in faɗa masa kawai. To an faɗa, amma ba yadda nake so ba.

Yau a takardar Ulfa yawon kwalekwale ne, a kai mutum ya ga shingayen kifi a gasa masa kifi a kan ruwa. Mai kwalekwalen wani ne Fatihi, ba ɗan ƙauyenmu ba, bai san ni ba. Surutu kamar rediyo. Ni dai na sami inuwa na zauna, bayana na ciwo, rana ta riga ta dafa ni.

Can ya kashe inji. Ina ɗaga kai sai gabana ya faɗi. Farar ƙubbar nan ta waliyyi tana daidai da dabinai uku, ga kuma hannun shingen na hagu da ya karkace, inda Rajab ya kauce wa ramin da ya taɓa haɗiye shi har wuya. Ko a makance na san wurin. Rassan sun yi baƙi, wasu sun kwanta, ga giɓi kamar bakin tsohuwa.

Fatihi ya ce, "Wannan sharfiyar tana cikin tsofaffin. Masu ita duk sun watse birni, tsoho ɗaya ya rage. Ku ɗau hoto, baɗi ba lalle ku same ta ba."

Nizar ya miƙe, ya gyara tabarau, ya juya wa shingen baya ya ɗaga waya yana murmushi. Har ya jawo Ulfa suka ƙara. Sai ya girgiza kai ya ce, "Kai, mutanenmu ba su san darajar abinsu ba. Ya za a yi a bar abu irin wannan ya lalace?"

Yaya, na so in yi shiru. Bakina ne ya ƙi. Na ce, "Na gidanku ne."

Ya ce, "Na'am Umma?"

Na ce, "Shingen ubanka ne. Kifin nan ne ya kai ka makarantar da ka koyo wannan dogon bayani."

Fatihi bawan Allah ya rasa inda zai sa fuskarsa, sai ya hau loda min kifi a faranti, ɗaya, biyu, har huɗu, yana cewa, "Ci Hajiya, na shinge ne, da ransa na ɗebo." Gaskiya ya faɗa, kifin shinge daban ne, cikinsa fes. Amma ban iya ci ba. Nizar ma bai ci ba. Ulfa ce ta matso ta riƙe min hannu, ban zaci haka daga gare ta ba.

Da muka sauka na faɗa masa saƙon baffansa. Ya ce gobe zai je. Na gaji Yaya, ko mayafina ban iya ninkewa ba.

Taki,
Shadliya

Karkana, ranar Asabar

Yaya Dalanda,

Sallama da fatan kun tashi lafiya, ke da maigidan da jikoki. Kar ki aiko kowa tarbata a tasha. Jirgi ya tashi da su Nizar, ni ina nan.

Jiya mun je wurin Yaya Munji. Na dafa mana faten sha'ir da busasshen ƙarnit da na tarar a rataye a ɗakin girkin matarsa. Nizar ya share kwano biyu, kansa a ƙasa. Da ya gama ya ce, "Baffa, a wurin aiki ba za su sake ni a watan goma ba. Amma a ɗauki ma'aikata, ni zan ɗau nauyi."

Tsohon ya kalle shi ya ce, "Ma'aikata? Su Hamda maƙwabtana da na shiga wa ruwa shekara arba'in, su zan miƙa wa lada? Kai ɗan birni, so kake a daina gaishe ni a masallaci?"

Nizar ya ce zai yi ƙoƙari ya zo ko na kwana biyu. Ni na haife shi, na san ƙoƙarinsa. Ba mugu ba ne, rayuwarsa ce tana can.

Can Yaya Munji ya ce shi ko ruwa ya fi ƙarfinsa zai iya zama a kwalekwale yana nuna inda za a kafa, namijin gida dai ya fito ke nan. Tukunyar ce babu. Ya faɗa bai ko kalle ni ba, tsohon nan da wayo. Ban san sanda na ce, "Tukunya kuma ai ba ta gagara ba."

To kin ji. Maza ashirin, kwana shida, safe da rana, da wannan bayan nawa. Kafin nan ga yankan rassa, su ma masu yankan ci za su yi. Nizar ya yi ta faɗa a bakin jirgi, "Umma hutu fa na kawo ki!" Na ce na gode, na huta, hau kar a bar ka. Ya rungume ni ya daɗe bai sake ni ba.

Ki ba direban nan maƙwabcinku maganin hawan jinina da babban madambacin kuskus, mai hannu ɗaya, ya sa a jirgin Litinin. Tsuntsuna kuma ki ɗauke shi zuwa gidanki.

Da safen nan Yaya Munji ya dogara sanda ya je gidan Bin Amur da kansa ya ce musu bana wurin yana da masu shi. Baɗi kuma kar ki tambaye ni, ban sani ba.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Shadliya