Ƙyallen Zango Na Ƙarshe

Ni Yeom Chun-ja, mai shagon ɗinki a bayan kasuwar Daejeon, nake rubuta wannan da hannuna zuwa gare ku 'ya'yana, Tae-ung da Seul-gi. Hankalina ɗaya. Tun jiya na ƙi shan maganin rage ciwo, don kada wani ya ce magani ne yake magana. Hantata ce ta lalace, ba kaina ba. Ranar Litinin za a kwantar da ni a yi mini aiki, likita kuma bai yi mini alkawarin komai ba. Kun san ni da shakka: sai in rufe shago, in kai tashar bas, in komo in duba ko na kashe dutsen guga. Takardar nan ma na yage ta na sake ba sau ɗaya ba. Amma abin da ke ciki na gama shawara a kansa.

Ɗaya. Ranar Asabar zan hau dutse. A hanyar Baekdu, doguwar hanyar ƙafa da ke bin doron duwatsun ƙasarmu, zango ɗaya ya rage mini, wanda ya sauka mashigin Jinburyeong, inda sojoji suka tare gaba saboda iyakar da ta raba Kudu da Arewa. Likita ya hana, Baba Babba yayan mahaifinku ya hana, kai kuma Tae-ung ka ɓoye mini takalma. Na gan su, suna bayan tulun da nake tsima kabejin kimci. In ƙafata ta kai ni, shi ke nan. In ta gaza a hanya, ku biyu za ku ƙarasa mini, daga daidai inda na tsaya. Ba a tsallake ko taku ɗaya a wannan tafiya. Wanda ya tsallake, kansa ya yaudara.

Kuna ƙanana lokacin da mahaifinku ya fara ta daga dutsen Jirisan. Asabar ya bi bas ɗin ƙungiyarsu ta masu hawan dutse, Lahadi ya dawo da laka har gwiwa, wani makon ya koma ya ɗora daga inda ya sauka. Nawa aikin shi ne in yanka masa ƙyallaye ruwan ɗorawa daga ragowar yadi, in rubuta sunansa, Bang Deok-sun, a jiki, irin waɗanda masu hawa ke ɗaurawa a reshe a kowace mararraba don na baya ya san inda doron dutsen ya bi. Ina yi ina mita. Yakan ce, "Maman Tae-ung, rage faɗa, wata rana ƙyallen nan zai ceci wani." Ni kuma in ce, "Ya fara ceton tukunyar gidan nan tukuna." Bai kai rabin hanya ba zuciyarsa ta tsaya a wurin aiki. Na buɗe jakarsa na tarar da ƙyallaye tuli ba a ɗaura ba. Da aka gama makoki na ce bari in je zango ɗaya kawai in ɗaura su, kada aikina ya tafi a banza. Da suka ƙare sai na yanka wasu.

Biyu. Ba wanda zai kwance ƙyallen nan ko ɗaya, ba kuma wanda zai ba Baba Babba haƙuri a kansu da sunana. Kun ji abin da ya faɗa ranar tunawa da mahaifinku, a gaban teburin hadaya. "Matar ƙanena, sunan mamaci a cikin gida ake ajiye shi, ba a rataye shi a bishiya kamar tallan gidan abinci. Kuma me mace marar miji take nema a bas da ƙarti kowace Asabar?" Ran nan na sunkuyar da kai, na ci gaba da zuba masa miya. Na kwana ina cewa wataƙila gaskiya ya faɗa, wataƙila abin kunya nake ja muku. Na daɗe ina juya maganar. Ga amsata, ku karanta masa da ƙarfi, kunnensa na hagu ba ya ji.

Wata Lahadi a kan dutsen Sobaeksan gajimare ya sauko har ba ka ganin sandarka. Na ɗaura ƙyalle a wata mararraba, na zauna ina cin shinkafata. Sai ga wasu mutum biyu sun ɓullo suna haki, sun kusa bin gangaren da ba shi ba, ɗayan ya hango ruwan ɗorawa ya jawo ɗan'uwansa baya. Ya kama ƙyallen ya karanta, ya ce, "Kai, Bang Deok-sun nan ɗan banzan sauri ne! Tun dutsen Deogyusan muke binsa, ko ƙeyarsa ba mu gani ba. Inna, kin gan shi ya wuce? Muna so mu saya masa giyar shinkafa." Na haɗiye lomata na ce, "Ya wuce. Haka yake, ba ya jiran kowa." A cikin gida mahaifinku hoto ne a bango da kwanon shinkafa sau ɗaya a shekara. A kan dutse kuwa mutum ne da ke gaba, ana binsa, ana zaginsa, ana gode masa. Baba Babba ya zaɓi wanda ya fi so. Ni na zaɓa.

Uku. Kayana ba su da yawa. Seul-gi, keken ɗinki naki ne, amma ban ce ki zauna a kansa ba. Ki gama makaranta, in ya tare miki hanya ki sayar. Littattafan da nake rubuta abin da ya faru kullum ma naki ne. Babu wani sirri a ciki, yanayin gari ne da ciwon gwiwa da yawan tambayar kai. Tae-ung, ka ɗauki jakar goyo da sandar mahaifinku. Igiyar kafaɗar hagu na sake ɗinke ta, za ta riƙe. Ba mai bina ko won ɗaya. Safar hannu ce kawai ta Yaya Ok-bun, ta ƙungiyarmu, wadda ta cire ta ba ni ranar da dusar ƙanƙara ta ritsa mu. Ku mai da mata. Shekaru tana jirana a kan kowane tudu tana ihu, "Kunkuru, taho mana! Kafin ki iso, Kudu da Arewa sun haɗe!" Ba ta taɓa wucewa ta bar ni ba. Ku riƙe ta kamar 'yar'uwata ta jini.

Huɗu. Gabar da ke tsakaninku ta ƙare yau. Tae-ung, ka ce taurin kaina ne zai kashe ni. Seul-gi, tun ran nan ba ki ce masa uffan ba. Tsoro ne ya sa shi faɗa, na sani, don ni ma da irin wannan bakin na yi wa mahaifinku. Ba dutse ne ya sa mini ciwo ba. Shi ne ma ya riƙe ni a tsaye shekarun da na so in kwanta. Baba Babba kuma ku je ku rusuna masa ranar sabuwar shekara kamar kullum. Ƙaninsa yake kewa, bai dai san inda zai same shi ba.

Biyar. A aljihun saman jaka akwai ƙyallayen zangon ƙarshe, duk da sunan mahaifinku. Ku ɗaura su a kowace mararraba, a reshen da ya kai tsayin ido, kada ku matse har ya shaƙe reshen. Amma a ƙasansu akwai guda ɗaya na daban. Wannan na Jinburyeong ne, inda hanya ta ƙare. Na daɗe da alƙalami a hannu kafin in rubuta shi. Tun ranar da na shigo gidan Bang ni ce matar ƙane, ni ce Maman Tae-ung, ni ce mai ɗinki. Sunan da uwata ta raɗa mini a takardar asibiti kaɗai nake ganinsa. Mahaifinku ya fara hanyar nan, ban hana shi nasa ba. Amma sauran duk ƙafata ce ta taka, da gwiwar nan tawa mai ƙara. Ƙyallen ƙarshe Yeom Chun-ja aka rubuta a kansa. Duk wanda ya ga rashin kunya a ciki, ya hau dutsen da ƙafarsa ya kwance.

Na sa muku albarka, ku biyun. Ku ci abinci a tebur ɗaya ko da kuna fushi. Wanda ya yi gaba a cikinku ya tsaya a kan tudu ya jira ɗan'uwansa, ya kuma bar masa alama a mararraba. Tae-ung, fito mini da takalmana.

Mahaifiyarku,
Yeom Chun-ja