Fuskar Wata a Kan Kwandona

Litinin, 5 ga Mayu

Yau takardun suka iso, ƙananan kwalaye masu launin ƙasa da za a ɗaura wa kowane kwando kafin a tura shi ƙasar waje. Mai Awo, mai auna mana kwanduna, ya zazzage su a kan tebur a rumfar ƙungiyarmu ta masu saƙa, mata suka yi caa a kai. Na ɗauki ɗaya. Kwandona ne a hoton, babban nan mai adon bayan zabuwa da na yi sati uku a kansa. Amma ba ni ce riƙe da shi ba. Mai Wushirya ce, wata 'yar ƙungiyarmu, ta washe baki har kunne.

Na ɓoye ɗaya a jaka, na kawo gida Auta ta karanta mini, don Turancin ya fi ƙarfina. Wai: "Hannun wannan matar ne ya saƙa kwandon nan, da adon da ta gada daga mahaifiyarta." Na ce ta sake. Ta sake.

Mahaifiyarta! Na san uwarta sarai, sabulu take sayarwa a bakin kasuwa, ko kaba ba ta taɓa tsagawa ba. Adon na Inna ne, mahaifiyata. Shekara talatin da ɗaya ina yin sa. Ita kuwa shekara biyu ke nan da shigowarta, har yau gindin kwandonta ba ya zama daidai a ƙasa.

Laraba, 7 ga Mayu

Yanzu na tuna ranar da mai hoton ya zo. Ina cikin ɗinke bakin kwandon, ya durƙuso yana "Mama, ɗan yi murmushi mana." Na ce aiki nake, ba biki na zo ba. Sai ya ce in ara masa kwandon ya ɗauka a wurin haske. Ni da hannuna na miƙa masa. Ni da hannuna!

Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Asabar, 10 ga Mayu

Na sami Shugaba a ɗakin ajiya tana ƙirga kwalaye. Na ajiye mata takardar a gabanta. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Haba Yaya, hoto ne fa kawai. Duk ɗaya muke."

Na ce in duk ɗaya muke, me ya hana a sa nawa? Ta fara kame-kame. Wai masu saye can suna son fuska mai fara'a, wai an riga an buga dubu biyu. Ga allon nan rataye a saman kanta, an rubuta "cinikin adalci" da manyan haruffa. Na nuna mata shi na ce a sauke shi a yi murfin tukunya, ya fi amfani.

Ba ta yi dariya ba. Ni ma ba wasa nake ba.

Talata, 13 ga Mayu

Mai Awo ya dawo mini da kwanduna biyu, wai bakinsu ya wuce awo da faɗin yatsa. Mutumin da bai san inda ake kama basilla ba. Yana yawo da tef a wuya kamar tela, yana mana karatu: ban da rinin kanti, ban da zaren leda, sai bawon albasa da karan dafi da baba, don a kare muhalli. Da me Inna take rini tun kafin a haifi ubansa? Abin da muka tashi muna yi saboda shi muke da shi, yau an raɗa masa suna, an dawo ana koya mana.

Na warware bakin na sake. Yatsana na tsakiya ya tsage.

Alhamis, 15 ga Mayu

Mai Wushirya ta gaishe ni a bakin famfo inda muke jiƙa kaba. "Yaya ina kwana." Na yi kamar da bokiti take magana.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na tarar da damin kaba a wurin zamana, mai kyau, an tsaga an gyara. Ƙanwata ta ce Mai Wushirya ce ta ajiye mini. Na sa ƙafa na tura shi gefe, har aka tashi yana nan. In toshiyar baki ce, bakina ya fi dami ɗaya faɗi.

Kabar dai mai kyau ce. Ban san inda ta samo ta ba.

Talata, 20 ga Mayu

Allah mai iko! Ramin ƙarya ƙurarre ne. Shugaba ta tara mu ta ce Baƙuwa, matar kamfanin da ke sayen kayanmu, za ta zo ranar huɗu ga watan gobe. Kwandon bayan zabuwa ya fi kowanne tafiya a can, saboda haka tana so ta zauna da matar da ke cikin hoton, ta ga yadda take fitar da adon da idonta.

Na waiga na dubi Mai Wushirya. Babu wushirya yau, baki a rufe ruf.

Da aka watse Shugaba ta ja ni gefe. Yau murya ta yi laushi. "Yaya, don Allah ki koya mata, ko layi uku ne, yadda za ta fita kunya." Na ce ai duk ɗaya muke, a ba hoton basilla ya saƙa.

Rabon da in ci abinci da daɗi irin na yau, na manta.

Litinin, 26 ga Mayu

Ƙanwata ta zo gida ta ɓata mini yini. Wai in Baƙuwa ta gane an yi mata ƙarya za ta janye, kuma mu arba'in da biyu ne a rumfar nan, wasu da wannan aikin kaɗai suke riƙe da marayu. Na ce ni na buga takardar? Ta ce, "Yaya, halinki ne ya sa ba a ɗauke ki ba. Kullum fuska kamar an aiko miki da mutuwa." Ƙanwata da na goya.

Baban yara yana jin mu daga tsakar gida, ya ce ai gaskiya ɗaci gare ta. Na ce to shi ma ya je a ɗauke shi, tunda ya iya washe baki. Ya saka takalmi ya fita.

Alhamis, 29 ga Mayu

Mai Wushirya ta zo har gidana. Da hantsi, ina tafasa bawon albasa. Ta tsaya a bakin ƙofa, ban ce ta shigo ba, ban ba ta wurin zama ba.

Ta ce ita ba ta iya karatu ba, ba ta san abin da aka rubuta ba sai da ƙanwata ta faɗa mata. Mai hoton ya ce ta riƙe, ta riƙe. Ta ce ta roƙi Shugaba a canza, aka ce ta yi shiru. "Yaya, ba adonki nake so ba. Ki nuna mini farkon kawai, kada in kunyata mutane."

Na ce mata Inna ta yi shekara huɗu tana bugun hannuna kafin ta yarda na iya. Na ce wasu da hannu suke ci, wasu da haƙora, kowa ya riƙe sana'arsa. Har da wata maganar a kan uwarta da ba zan rubuta ba.

Ba ta rama ba. Ta ce, "Na gode, Yaya," ta juya. Da ta rama da ya fi mini. Rinin ma ya ƙone a tukunya, duk ita ta ja.

Talata, 3 ga Yuni

An share rumfa, an wanke allo. Gobe ranar wanka, ba a ɓoyon cibi. Na goge zanena mai kyau.

Laraba, 4 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba.

Baƙuwa ta zo wajen ƙarfe goma, doguwa, da jakar kaba irin tamu a kafaɗa da tafinta a bayanta. Ta bi layi tana taɓa kwanduna tana gyaɗa kai. Ni na zauna can baya kusa da randa, inda zan ga komai.

An shimfiɗa wa Mai Wushirya tabarma a tsakiya. Shugaba ta miƙa mata wani kwandona da na kai rabi, wanda na bari a ɗakin ajiya, ko izini ba ta nema ba. Dabararsu ita ce ta ɗan soka basilla sau biyu a ɗauki hoto a wuce. Baƙuwa kuwa ta cire takalmi ta zauna dirshan a gabanta, ta ce tana so ta ga yadda baƙi ke shiga cikin fari.

Mai Wushirya ta ɗauki baƙar kaba. Ta soka a inda ba nan ba. Ta zare. Na ce a raina yau za a yi ta. Na ma shirya abin da zan faɗa in aka juyo gare ni, kwana goma ina gyara shi.

Sai ta ajiye basillar a kan tabarma. Ta ce wa tafinta, "Faɗa mata ba ni na saƙa ba." Tafinta ya yi tsuru-tsuru yana kallon Shugaba. Shugaba ta yi wata dariyar yaƙe ta ce kunya ce ke damun ta. Mai Wushirya ta ɗaga murya, ita da ko a taro ba a jin ta: "Ka faɗa mata. Ban iya ba, uwata ma ba ta iya ba. Ga mai shi can kusa da randa."

Ido arba'in da wani abu a kaina. Maganar da na shirya ta gudu. Ta ƙwace mini hoto, yau kuma ta ƙwace mini wannan.

Na tashi na zauna a tabarmar, na warware ɓarnar da ta yi, na ja layi biyar. Baƙuwa ta sunkuyo har ina jin numfashinta. Ta tambayi wa ya koya mini, na ce Inna. Ta tambayi yadda Inna take, na ce wa tafinta ya ce mata aiki nake.

Daga nan suka shiga ɗakin ajiya da Shugaba, suka rufe ƙofa kusan awa ɗaya. Da suka fito babu mai fara'a. An dakatar da ɗaukar kaya har sai an binciki kowace takarda, an tabbatar da wa ya saƙa me.

Alhamis, 5 ga Yuni

Babu mai yi wa Mai Wushirya magana. Wata ta ɗauke kujerarta daga kusa da ita. Wata ta ce da ta yi shiru ta soka sau biyu da yanzu kaya na kan hanya. Ni ce na sha wahala, amma ba wanda ya ce mini sannu. Ƙanwata ma ɗauke kai take.

Ita ta jawo wa kanta. Wa ya aike ta?

Litinin, 9 ga Yuni

Taro. Shugaba, wadda ta shirya ƙaryar da bakinta, ita ce ta miƙe tana cewa Mai Wushirya ta zubar wa ƙungiya mutunci a gaban baƙi, a ɗaga hannu a sallame ta. Hannuwa suka tashi. Talatin da wani abu.

Nawa bai tashi ba. Kafaɗata ke ciwo tun jiya.

Shugaba ta ce, "Yaya, ke fa? Ai ke aka cuta." Na ce na san wanda ya cuce ni, kuma tana tsaye tana ƙirga hannuwa. Duk da haka an sallami Mai Wushirya. Ta naɗe tabarmarta ta fita, ba ta kalli kowa ba.

Asabar, 14 ga Yuni

Mai hoton ya dawo, umarnin Baƙuwa ne, kowa da kwandonsa. Bai ce in yi murmushi ba, ya koyi hankali. Ya nuna mini a bayan kyamarar. Wata tsohuwa ce mai ɗaure da fuska, kamar an ci mata bashi. Na ce ya ɗauki hannuna kawai. Ya ce fuska aka ce.

Wurin zaman Mai Wushirya har yanzu babu kowa. Rumfar ta yi shiru da yawa, ita ce dama mai surutun banza.

Litinin, 23 ga Yuni

Na je sayen bawon albasa wurin masu kayan miya, hanya ta biyo da ni ta layin su Mai Wushirya. Hanyar ce, ba wani abu ba. Tana zaune a ƙofar gida tana saƙa wani abu da ban san sunansa ba, kwando ne ko hula. Kaba a bushe ƙarau, tana karyewa a hannunta. Ba zan iya tsayawa ina kallon ana wulaƙanta kaba ba, ko ta maƙiyina ce.

Na ce ta kawo ruwa ta jiƙa. Na ce ta warware duka tun daga gindi. Ta warware ba musu. Na bugi hannunta sau uku, a na ukun ta yi dariya, na ce ta rufe mini wannan bakin ta kalli aikinta. Ba ta da saurin ganewa, amma hannunta ba shi da nauyi. Sai da aka yi la'asar na tuna da albasar, masu kayan miya sun tashi.

Ban nuna mata bayan zabuwa ba, kuma ba zan nuna mata ba. Gindin kwando ne kawai. Na ce ta zo gida ranar Alhamis da basillarta, in ta makara kada ta shigo.

Auta ta tambaye ni me ya sa na fito da ƙaramar kujerar Inna ina gogewa. Na ce ƙura ta yi.