Ledar Magungunan Baba

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum, da fatan Allah ya kai haske kabarinki. Na saba kawo miki labari tun kafin in cire mayafi, shi ya sa yau na rasa inda zan kai wannan sai wurinki.

Baba ya tsorata mu a damina. Jiri ya riƙa ɗibarsa, har ya faɗi a gonarsa ta Fakuwa da fartanya a hannu. Sallah ma sai a zaune. Kin san tun rasuwarki, mu 'ya'yanki muka mai da magani tsaraba. Yaya Sani ya aiko daga Kano, Hadiza ta kawo daga Kusada, ni ma in sayo a kemis. Shi kuwa ba ya son wani ya ce an raina nasa, sai ya haɗa duka ya shanye.

Na ce dole a samo likita ɗaya da zai san Baba ciki da waje. Kina cewa, “Ba a ba baƙo amanar rumbu sai an san gidansu.” Da wannan na fita. Wuri na farko, mai farar riga ne kowa ke kira Dakta. Da na nemi ganin shaidar aikinsa, sai ya haɗe rai kamar na zagi iyayensa. Wuri na biyu takardunsu sun cika, amma ba sa karɓar katin inshorar lafiyar da na sa Baba a ciki.

A Kankia na samu wata likitar iyali. Wallahi Inna, da ƙyar na tambaye ta shaidar aikinta, ni da kullum nake ce wa ɗalibaina tambaya ba rashin kunya ba ce. Murmushi kawai ta yi, ta nuna mini lasisinta na bana, ta rubuta mini lambarsa, ta ce in tabbatar da kaina a hukumar da ke rajistar likitoci. Na bincika, ga sunanta nan. A ofishin kati kuma suka faɗa mini dalla-dalla abin da inshora ke ɗauka da wanda ba ta ɗauka, tun kafin mu zauna.

Ranar da na kai shi, ba ta taɓa biro ba sai da ta saurare shi. Ta tambayi abin da yake ci, da barcinsa, da ciwon da ya yi ajalin mahaifinsa. Ta tambaye ki, Inna. Baba, wanda ba ya kiran sunanki ko a gabanmu, ya daɗe yana ba ta labarinki, ni ina gefe ina kallon ikon Allah.

Sannan ta zazzage ledarsa a kan tebur. Ashe uku daga cikin magungunan duk na hawan jini ne, iri ɗaya, kwali ne kawai ya bambanta. Jininsa faɗuwa yake yi saboda yawan sha. Baba kuwa damuwarsa ɗaya ce: na wa zai ajiye, na wa zai riƙe? Ta gane shi nan take. Ta kwashe duka, ta rubuta sabo daga asibitin, don kada wani ɗa ya ce an fifita ɗan'uwansa. Har yanzu ina mamakin yadda karatu da sanin mutane suka haɗu a kai guda.

Bana da kansa ya yanke geronsa. Damin farko, wanda ba a taɓa ba kowa ba sai ke, ya ɗaure shi da hannunsa ya ce in kai wa likita. Na ɗauka ina kuka, ban yi masa gardama ba. Na san da kina nan, da kin ɗora kuka da daddawa a sama.

Allah ya gafarta miki, ya bar mana Baba a kan ƙafarsa, ya tara mu a Aljanna.

'Yarki mai kewarki,
Hassana